Kayan Gona Har Ƙofar Gida a Birnin Kebbi: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Ni da ƙanena muke wannan sana'a ta kai kayan gona gidajen mutane. Shi ne mai yawon fadama da kasuwannin ƙauye, ni kuma ina gida ina karɓar saƙo, ina tsince kaya, ina ƙulla wa kowa nasa. Tambayoyin da ke ƙasa kusan kullum sai an yi mini ɗaya daga cikinsu, wata a waya, wata a gidan suna, wata ma a bakin ƙofa mai babur yana jira. Shi ya sa na zauna na amsa su a tsanake.

Me ya bambanta wannan da in aiki yaro kasuwa?

Kawo kaya gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun muna yara 'yan talla ke shigowa har tsakar gida da faranti a ka, mai nono ta sauke ƙwaryarta a inuwa, mai kayan miya ya tsaya a zaure yana sallama. Iyayenmu mata da yawa sun yi shekaru suna girki ba su taka kasuwa ba. Waya ce kawai ta shigo, ta sa yanzu za ki faɗi abin da kike so tun kafin a tsinko shi.

Bambancin na gaske yana cikin yawan hannuwa. Tumatirin da yaro zai sayo miki a kashi, manomi ne ya tsinke, dillali ya shiga tsakani, mai sari ya ɗauka, ya kwana a mota ko a rumfa, sannan ɗan gwari ya kasa. Kowane hannu yana cin ribarsa, kuma halaliyarsa ce, amma kowane hannu yana cinye kwana guda daga cikin 'yan kwanakin da tumatirin yake da su. Namu tsarin shi ne a yanki ganye bayan sallar asuba, raɓa ba ta bushe ba, ya iso gidanki kafin rana ta yi tsaka. Idan kika buɗe kwandon kika ji ƙamshin ganyen tumatir ɗin nan mai kama hannu, to da safen aka tsinko shi.

Daga ina kayan suke fitowa?

Ganye da kayan miya daga fadamar da ke kewaye da mu suke, wajen Zauro da Ambursa da Kalgo, inda ake noman rani a bakin gulbi. Albasa daga Aliero da Jega da Gwandu. Ba sai an gaya wa ɗan Kebbi ba, albasar Aliero har Legas da Fatakwal ake lodinta, har ma a tsallaka iyaka da ita. Shinkafa daga Argungu da Augie da Suru da Bunza. Kifi daga Yawuri da Argungu. Doya da wasu kayan da ke son ƙasa mai yawan ruwan sama daga kudancin jiha suke zuwa, ɓangaren Zuru, ko da yake matsalar tsaro ta hana manoma da yawa na can zuwa gonakinsu na nesa, kuma hakan yana taɓa abin da ke isowa.

Akwai abubuwan da ba ma nomawa a nan, kuma ba zan ce miki na gida ne ba. Dankalin Turawa daga Filato yake zuwa, manja daga kudu, citta daga kudancin Kaduna. Idan kin sa su cikin saƙonki za mu sayo miki a babbar kasuwa, mu gaya miki cewa na kasuwa ne.

Yaya ake ba da saƙo, kuma yaya ake biya?

Kira, ko saƙon WhatsApp, rubutu ko murya, duk ɗaya ne. Abin da muke roƙo shi ne saƙon ya iso kafin sallar isha'i, domin da daddare ake gaya wa mai lambu yawan abin da zai yanka. A kwatanta gida sosai: unguwa, masallaci ko makarantar da ke kusa, launin ƙofa. "Gesse bayan shagon mai shayi" ba kwatance ba ne, masu shayi suna da yawa. Ana biya hannu da hannu ko a tura ta banki. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 masu lambu da yawa suka buɗe asusu, don haka turawa ba ta ba mu wahala.

Me ya sa wani lokaci nake neman abu ku ce babu, ko ku ce in haƙura da shi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a fahimci amsarta, domin duk sana'ar a kanta ta tsaya. Gona ba kanti ba ce. Abin da ƙasa ta bayar a wannan watan shi ne mai daɗi, shi ne mai araha, shi ne kuma bai sha doguwar tafiya ba.

Daga Disamba zuwa Maris lokacin 'yan lambu ne. Sanyin hunturu yana yi wa tumatir daɗi, sai ki ga tumatir da tattasai da tarugu da karas da kabeji da latas sun cika ko'ina. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ake cire albasar rani, farashinta ya faɗi ƙasa. Da bazara ta kama, Afrilu da Mayu, zafi a nan yakan haura digiri 40, furen tumatir ya riƙa zubewa bai ɗaure 'ya'ya ba. Daga nan tumatir ya fara ja baya, kankana da mangwaro su karɓi fili. Damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin da tumatir ya fi tsada, saboda ruwa da cututtuka ba sa barinsa. Amma dubi abin da Allah yake sakewa a daidai wannan lokaci: rama, tafasa, sure, lalo, alayyahu, ɗanyen guro, sabuwar masara, gauta da yalo. Da kaka ta shigo sai sabuwar gyaɗa da wake da gero da kabewa da kudaku da sabuwar shinkafa.

Kakanninmu ba su san miyar tumatir kullum ba. Da damina miyar ganye suke yi, da rani kuka da busasshiyar kuɓewa. Mu ne muka ɗora wa kanmu cewa tukunya ba ta haɗuwa sai da jar miya, sai mu riƙa sayen tumatir huɗu a farashin kwano guda cikin watan Yuli, wanda kuma ya sha hanya har ya fara ruwa. Idan na ce miki, "Hajiya, bar tumatir wannan makon, ga sure da kabewa," ba don in sayar da abin da ya rage mini ba ne. Kuɗinki nake tausayi, da kuma ɗanɗanon miyarki.

Wani lokaci kuma annoba ce. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Arewa, farashi ya ninka sau da yawa, kuma har yau takan dawo idan zafi ya yi zafi. A 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar nan. Irin wannan idan ya faru, babu mai kawo kaya da zai iya ɓoye miki shi.

Ya fi na kasuwa araha?

Ba kullum ba. Idan tarugu na naira kaɗan kike so, mai tebur na bakin layinku ya fi mu sauƙi, domin kuɗin babur zai ninka kuɗin kayan. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, komai na wannan harka ya tashi: injin ban ruwa fetur yake sha, babur fetur yake sha. Shi ya sa masu hali cikin manoma suke komawa injin sola.

Inda ake samun sauƙi shi ne sayen cefanen mako a dunƙule, ko maƙwabta uku ko huɗu su haɗa saƙo a kawo a tafiya ɗaya, su raba kuɗin kawowa. Kwandon tumatir ko buhun albasa idan aka raba shi gida huɗu, kowa zai ga bambanci. Sannan ki lissafa abin da ba ki zubar ba. Alayyahun da ya kwana biyu a rumfa, rabinsa a shara yake ƙarewa.

Da wane mudu kuke awo?

Mudu ɗaya muke da shi, da shi muke saye da shi muke sayarwa, kuma ba a bubbuge gindinsa ba. Wadda take so ta auna a gaban mai kawowa, ta auna, ba za mu ji haushi ba. Ga masu son kilo muna da sikeli. Gyara kuwa ba a roƙonta, tana cikin kwando.

An kawo mini tumatir da yawa, ga shi wuta ba ta tsayawa. Yaya zan yi?

Abu na farko, fitar da shi daga leda nan take. Leda tana tara gumi, gumi kuma shi ne farkon ruɓa. Ki baje shi a faifai ko tabarma a inuwa mai iska, kada ki wanke sai wanda za ki yi amfani da shi. Ki ware shi kashi uku: wanda ya yi laushi ko ya fashe na yau ne, ja mai tauri na jibi da gata, mai ɗan kore-kore na ƙarshen mako. Guda ɗaya da ya ruɓe a tsakiya yana iya lalata na kewaye da shi cikin dare ɗaya, don haka kullum da safe ki duba.

Akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tukwanen ƙasa biyu ne, babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan miya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. A riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Ta fi aiki da rani lokacin da iska ta bushe. Da damina ba ta sanyi sosai.

Idan ajiyar watanni kike so, kauɗa ita ce gaskiya. A yanka tumatir biyu ko huɗu, a shanya a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa, ba a bakin kwalta ba inda ƙura da awaki ke bi. A rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Idan ya bushe ƙayau har yana karyewa, a zuba a bokiti mai murfi. Ranar amfani a jiƙa shi a ruwan ɗumi, a wanke, a markaɗa da albasa da tattasai. Kauɗar da kika yi da hannunki cikin Fabrairu ja take fitowa, ba baƙa ba, kuma ita za ta riƙe ki cikin Yuli. Tattasai da tarugu da guro duk haka ake yi musu.

Markaɗen da aka tafasa ya ƙafe, aka zuba mai a kansa, yana yin 'yan kwanaki in ana ɗumama shi kullum. Kada a dogara da shi fiye da haka ba tare da firij ba.

Shinkafar gida tana da tsakuwa, kuma takan caɓe mini. Laifin wa?

Mu fara raba ta biyu, domin nan ake yawan kuskure. Akwai wadda 'yan gumi suka jiƙa shanshera, suka turara, suka shanya, sannan aka kai inji. Wannan ita ce ta dafa-duka da shinkafa da miya. Turarawar tana ƙarfafa ƙwayar, ta hana ta karyewa, ta kuma tura wani ɓangare na sinadaran da ke jikin dusa zuwa cikin ƙwayar, shi ya sa ta fi farar shinkafa amfani a jiki. Akwai kuma ɗanyar da ba a turara ba, fara sol, wadda ake tuwo da masa da ita. Idan kika yi dafa-duka da ta tuwo, dole ta caɓe. Don haka ki faɗi abin da za ki dafa lokacin ba da saƙo.

Sabuwar shinkafa ba ta son ruwa kamar wadda ta yi watanni a ajiye. Ki rage ruwan da kika saba, ki rage wuta idan ta tafaso, ki rufe ta turara da kanta. Ƙamshin sabuwar shinkafar fadama idan ya tashi daga tukunya, wadda ta zo daga ƙetare ba ta da shi.

Tsakuwa kuwa daga shanya take shigowa da wurin sussuka. Manyan masana'antu irin su WACOT ta Argungu, da aka buɗe a 2017, da Labana ta nan Birnin Kebbi, suna da injin cire tsakuwa, kuma ƙananan injina da dama yanzu sun saka shi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a jihar nan cikin Nuwamban 2015, aka kuma fara sayar da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas a ƙarshen 2016, gyaran shinkafar gida ya inganta ƙwarai. Duk da haka ni ban daina regewa ba, kuma ina so 'ya'yanmu mata da maza su iya. Ƙwarya biyu, ruwa, a riƙa karkaɗawa a hankali shinkafar tana gangarawa cikin ɗayar, tsakuwar tana zama a gindi. Minti biyar ne, ya fi haƙorin maigida ya karye a kan loma.

Yaya zan ajiye buhun albasa?

Albasar da za ta daɗe ita ce wadda wuyanta ya bushe ya tsuke, ɓawonta yana ƙara idan an taɓa. Mai kaurin wuya ko danshi ta girkin wannan makon ce. Manoman Aliero a rudu suke ajiye ta, wato a ɗaga ta daga ƙasa a kan kara, a yi mata rufin ciyawa, iska tana ratsawa ta ko'ina. Ki kwaikwayi wannan a gida: juye ta daga buhu, baje ta a kan katako ko kwando mai huda a ɗakin da ba ya danshi, kada ki haɗa ta da dankali. Duk mako ki juya, ki cire wadda ta yi laushi ko ta fara tsiro. Wadda ta saya cikin Maris ko Afrilu ta ajiye, ita ke dariya idan Nuwamba ta zo albasa ta zama zinariya.

Ganye ya yi mini yawa, ban san abin da zan yi da shi ba bayan miyar alayyahu.

To bari mu daɗe a nan kaɗan.

Sure, wanda wasu ke kira yakuwa, a tsinke ganyen, a wanke, a tafasa shi shi kaɗai, a zubar da ruwan farko idan ba a son tsamin ya yi yawa. A wata tukunyar a dafa kabewa da albasa da tarugu da daddawa da kifi banda har kabewar ta narke. A daka ɗanyar gyaɗa a zuba, a bar ta ta dahu sosai har mai ya fara tasowa, sannan a saka suren a burge. Gyaɗar ce ke kashe kaifin tsamin, kabewar ta ba da kauri da ɗan zaƙi. Da tuwon shinkafa ake cin ta, kuma ba ta neman tumatir ko ɗaya.

Zogale da rama da tafasa na datu ne, wato kwaɗo. A dafa ganyen ya yi laushi, a matse ruwan sosai, domin ruwan da ya rage shi ke sa kwaɗo ya yi lami. A daka ƙuli-ƙuli da tonka da gishiri, a yanka albasa da tumatir idan akwai, a zuba man gyaɗa kaɗan a cakuɗa. Zogale kuma yana shiga dambu, na tsakin masara ko na shinkafa, a turara su tare. Alayyahu da sure suna shiga fate.

Ɗanyen guro, ki karya bakinsa da yatsa. Idan ya ɓalle da ƙara, matashi ne. Idan ya lanƙwashe, ya tsufa, sai dai a yanka a shanya. Kan batun kanwa, na san da ita muka taso, tana sa yauƙi tana sa ganye ya yi kore shar, amma tana kashe wasu sinadaran da ake cin ganyen dominsu. Ɗan ƙanƙani ya isa. Alayyahu kuwa ba ya buƙatarta sam, a ƙarshe ake zuba shi, minti kaɗan a sauke.

Ganyen da za a ci ɗanye, latas da kabeji, a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta sau uku, a jiƙa shi ɗan lokaci a ruwan gishiri ko ruwan khal, a sake ɗaurayewa. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo, ni nakan ba da shawarar a dafa duk abin da za a iya dafawa.

Ana fesa wa kayan nan magani?

Ana fesawa, kuma duk wanda ya ce miki lambunsa bai taɓa ganin feshi ba, ki ƙara bincike. Abin dubawa shi ne wane magani, da kuma kwana nawa aka bari tsakanin feshi da tsinka. Kowane maganin ƙwari na gaskiya an rubuta wannan a jikin kwalbarsa. Masu lambun da muke hulɗa da su mun san su, mun san gonakinsu, ƙanena yakan tambayi ranar da aka yi feshi na ƙarshe, kuma ya sha barin tumatir mai kyau a gona saboda kwanakin ba su cika ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na ajiya. Wasu suna zuba maganin ƙwarin nan na Sniper a wake da busasshen kifi don kada ƙwari su ci. Guba ce, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai, kuma saboda irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Waken da muke kawowa a buhun PICS ake ajiye shi, mai ciki uku, wanda ke toshe iska ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Idan kika buɗe wake kika ji wari kamar na fiya-fiya, kada ki dafa, ko daga wurin wa ya fito. Gyaɗa da masara kuma, duk ƙwayar da ta yi funfuna ko ta canja launi a tsince a zubar, kada a ba kaji ma, domin gubar funfunar tana illa ga hanta kuma wuta ba ta kashe ta. Mangwaro da ayaba ba ma karɓar waɗanda aka nuka da sinadarin kabaid.

Kuna kawo ɗanyen kifi?

Muna kawowa, amma sai an ba da saƙo tun da wuri, kuma da safe kawai. Yawuri tana bakin Kogin Kwara, a saman tafkin Kainji, tafiya ce mai nisa ga ɗanyen kifi, don haka daga can banda muka fi ɗaukowa. Ɗanye daga kusa yake zuwa: tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, wani lokaci giwan ruwa. A ɗaga kunnen kifin a duba, cikinsa ya zama ja, idonsa garau, naman kuma idan an danna ya dawo. Tarwaɗa a zuba mata ruwan zafi a kankare yauƙin, ko a goge da toka ko lemun tsami. Banda a jiƙa ta a ruwan zafi da gishiri, a ɓare, a duba ciki da kyau kafin ta shiga miya.

Idan kaya ya iso a lalace fa?

Ki kira kafin mai babur ya bar unguwa, ko ki ɗauki hoto ki turo. Za a canja ko a cire kuɗinsa, babu jayayya.

Ya taɓa faruwa da mu. Wata rana cikin Afrilu aka ƙulla alayyahu da latas a baƙar leda aka ɗora a saman kaya, taya ta yi faci a hanya, babur ya tsaya kusan awa biyu a rana. Da wata dattijuwa ta buɗe ledar, ganyen ya dahu a tsaye, ya yi baƙi yana ɗiga. Ta kira ni ta ce, "'Yata, wannan ai kin riga kin dafa mini." Na ji nauyin maganar har cikin raina, don baƙi take jira a ranar. Muka sayo mata wani nan take. Tun daga ranar ganye ba ya shiga leda a wurinmu. A kwando yake tafiya, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, kuma shi ake fara saukewa.

Ni maigida ne. Wa zai zo ƙofar gidana?

Ranka ya daɗe, tambaya ce a kan hanya. Masu kai mana kaya mutum biyu ne, mun san iyayensu da gidajensu, kuma za a gaya maka sunan wanda zai zo. A ƙofa ko zaure yake tsayawa ya yi sallama, yaro ya fito ya karɓa. Ba ya shiga cikin gida. Idan ka fi so a kai maka wurin aiki ko shago, ko a zo lokacin da kake nan, sai ka faɗa.

Manomin yana samun wani abu kuwa, ko ku ne kawai ke ci?

Babbar asarar mai lambu ita ce ranar da kowa ya tsinke tumatir lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, ya tsaya da kwanduna a rana har la'asar, dole ya sayar yadda aka taya ko ya zubar. Kamfanin GBfoods da ke sarrafa tumatir a Ngaski ya buɗe wata ƙofa, amma mai 'yar fadama a Ambursa ba zai kai kwando biyar can ba. Abin da yake samu a wurinmu shi ne ya san tun dare yawan abin da zai yanka, a biya shi a bakin gona, babu la'ada, babu kuɗin mota. Ba mu ne za mu sayi duk amfanin gonarsa ba, kaɗan muke ɗauka, amma kaɗan ne tabbatacce. Matan da ke yin daddawa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da gumi a cikin gidajensu su ma ta nan kayansu ke fita, ba sai an ɗora wa yarinya talla an hana ta makaranta ba. Wannan ɓangaren ya fi komai faranta mini rai a sana'ar.

Da azumi ko biki fa?

A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, daidai lokacin yalwar kayan lambu, don haka a yi amfani da damar. Sai dai saƙo yana yawa, a ba da shi da kwana biyu. Cefanen biki ko suna kuwa mako guda muke so, domin kwando goma na tattasai ba a lambu ɗaya ake samunsa ba.

Ina aiki a Abuja, mahaifiyata tana Badariya. Zan iya biya a riƙa kai mata?

Ƙwarai, kuma muna da irinku da dama. Abu biyu nake roƙo. Ka bar Inna ta faɗi abin da take so da bakinta, don sau da yawa ɗa yakan lissafo karas da kabeji da koren wake, ita kuwa sure take so da daddawa da gero na fura. Sannan ka sanar da ita cewa an riga an biya har kuɗin babur, domin iyayen nan ba sa yarda yaro ya sauke kaya ya tafi hannu sake, sai sun kwance bakin zane. Ranar da aka kai za mu kira ka, idan tana kusa ka ji muryarta. Kwandon kuma a ajiye mana shi, mako mai zuwa za a karɓa a bar mata wani.